Darasi: Birkin hannu, mai riƙe mota idan direba ya sauka

Saga tana bakin kogin Isa, kudu maso gabas da tsakiyar Yamai, a kan hanyar Kollo. A da ƙauye ce mai zaman kanta. Yanzu birni ya cim mata, tana cikin gunduma ta 4 ta Yamai. Amma har yau mutanenta manoma ne. Suna noman shinkafa a fadamar da aka gyara, sau biyu a shekara. Suna kuma noman kayan lambu a bakin ruwa.

Inda amfanin gona yake, mota tana zuwa. Lokacin girbi, a-kori-kura da manyan motoci suna gangarowa daga kwalta zuwa bakin fadama. Direba ya tsaya, ya sauka, ya tafi ciniki. Motar ta rage ita kaɗai a kan gangare. Masu lodi suna bayanta. Mata suna shiƙa kusa da ita. Yara sun shiga inuwarta sun zauna. A wannan lokaci abu ɗaya ne yake riƙe da ita: birkin hannu. Waɗansu direbobi suna ce masa hambirki.

Saboda haka wannan darasi ba na direbobi kaɗai ba ne. Na mai ɗora buhu ne, na uwar da ɗanta yake wasa a gindin taya, na uban da ɗansa ya shiga aikin karen mota.

Mota tana da birki biyu

Na farko shi ne birkin ƙafa. Da shi ake tsai da mota in tana tafiya. Yana aiki da mai, man birki. In direba ya taka, man ya bi ƙananan bututai ya kai ƙarfi ga tayoyi huɗu. In ya ɗaga ƙafarsa, birki ya saki. Ke nan birkin ƙafa ba ya aiki sai da mutum a zaune.

Na biyu shi ne birkin hannu. Shi ba ruwansa da mai. Igiya ce ta ƙarfe, makanikai suna ce mata kabul. Ta taso daga maƙamar da ke kusa da direba, ta bi ƙarƙashin mota, ta rabu biyu, kowace ta nufi tayar baya ɗaya. A jikin maƙamar akwai haƙoran ƙarfe. In an ja, a ji ƙas, ƙas, ƙas. Haƙoran ne suke kamawa don kada maƙamar ta koma. Shi ya sa birkin hannu yake riƙe mota ko direba yana barci a gida.

A bayan tayar baya akwai wani kwano na ƙarfe da yake juyawa tare da ita. Makanikan Yamai suna kiransa tambur. A cikinsa akwai ƙarafa biyu masu lanƙwasa kamar jinjirin wata, an manna musu abu mai kaushi, wato fatar birki. In kabul ya ja, fatun su buɗe su danne kwanon daga ciki, taya ta tsaya. In an saki, sifirin ya mayar da su wurinsu. A waɗansu motoci faifai ne maimakon kwano, fatun suna matse shi daga gefe biyu. Aikin ɗaya ne.

Maƙamar ba wuri ɗaya take a kowace mota ba. A yawancin taksi tana tsakanin kujeru biyu na gaba. A tsofaffin Toyota Hilux tana ƙarƙashin allon gaban direba, ana jawo ta kamar sanda, a murɗa a saki. A waɗansu motocin Mercedes da ƙafar hagu ake taka ta. Wanda ya karɓi motar da bai saba da ita ba, ya fara tambayar inda birkin hannu yake kafin ya tambayi inda rediyo take.

Lodi yana canza lissafi

Ga wurin da ya fi muhimmanci. Mota marar kaya da mota mai kaya ba ɗaya suke a kan gangare ba.

A ce gangare yana sauka mita 1 a cikin kowace mita 10. Irin wannan ba abin mamaki ba ne a hanyoyin da suke sauka zuwa bakin kogi. A irin wannan wuri, ƙarfin da yake jan mota ƙasa ya kai kashi ɗaya cikin goma na nauyinta.

A ce a-kori-kura tana da nauyin kilo 1500. Kashi ɗaya cikin goma shi ne kilo 150. Birki mai ɗan rauni yana iya riƙe wannan. Direba ya ja, ya ga ta tsaya, ya yi tafiyarsa hankali kwance.

Sai aka fara lodi. Buhu 12 na shinkafa, kowane kilo 75. Jimla kilo 900. Nauyin mota ya zama kilo 2400. Abin da yake janta ƙasa ya zama kilo 240, wato ya fi nauyin buhu uku. Kabul ɗin dai shi ne na ɗazu, fatun ma su ne na ɗazu. Ga shi kuma kowane buhu da aka jefa yana girgiza motar. Birkin da ya riƙe ta ba kaya yana iya sakinta a buhu na goma. Kuma mota ba ta yin ƙara in ta fara silalewa, tun da injinta a kashe yake. Mai lodin da ya juya mata baya ba zai ji komai ba.

Masu ƙera motoci sun san wannan. A ƙa'idar da ake bi a Turai, dole birkin hannu ya riƙe mota da cikakken kayanta a gangaren da ya sauka mita 18 zuwa 20 a cikin mita 100. Amma wannan maganar sabuwar mota ce. Yawancin motocin da suke zuwa bakin fadama sun yi shekaru a wata ƙasa kafin su iso nan, sannan suka sha yashi da ruwa da lodin da ya wuce kima.

Yadda ake ajiye mota

Direban kirki ba ya dogara ga birkin hannu shi kaɗai. Yana haɗa abu uku: birki, giya, waigi.

Ya tsaya da birkin ƙafa, kada ya ɗaga ƙafar tukuna. Ya ja birkin hannu sosai, har ya ji ya yi tauri. Ya kashe inji. Ya sa giya: in gaban motar yana kallon tudu, giya ta ɗaya, in yana kallon gangare, ribas. Sannan ya ɗaga ƙafarsa sannu-sannu, ya jira kaɗan, ya ji ko motar ta motsa. In ta motsa ko da taƙi ɗaya ne, ba ta tsaya ba ke nan.

Ya karya sitiyari zuwa gefen da ba haɗari, don in ta silale ta shiga yashi ko ta daki tudun ƙasa. Kada ta nufi kogi, kada ta nufi magudanar ruwan fadama, kada ta nufi inda mutane suke.

Sai waigi. Aikin karen mota ne, amma duba shi aikin direba ne. A sa shi a gefen taya da yake kallon gangare, a tura shi ya manne da taya. Itace mai kauri da aka sassaƙa ya fi dutse mai santsi. Tubalin ƙasa ba waigi ba ne, yana farfashewa. A cikin yashi ko laka ƙaramin dutse nutsewa yake yi, taya ta bi ta kansa. In mota za ta ɗauki kaya, a sa wa tayoyin baya duka biyu.

Karen mota yakan ce: "Maigida, ai minti biyar kawai za mu yi." Direban da ya san aiki sai ya ce: "Sa dai, yaro." Gaskiyarsa. Nauyi ba ya duba agogo.

Mai lodi ma yana da ikon magana. In ya duba bai ga waigi ba, ya faɗa kafin ya ɗauki buhun farko. Ba rashin kunya ba ne, shi ne yake tsaye a bayanta.

Mota mai canza giya da kanta tana da wuri mai alamar P. Mutane da yawa suna sa P su fita, ba su jan birkin hannu. Kuskure ne. Abin da yake riƙe mota a P ɗan ƙarfe ne guda a cikin akwatin giya, bai fi ɗan yatsa ba. A fara jan birkin hannu, nauyi ya sauka a kansa, sannan a sa P.

Tashi a kan tudu

Mota ta cika da buhuna, za ta hau daga fadama zuwa kwalta. In direba ya ɗauke ƙafa daga birki don ya taka totur, tana komawa baya kafin ya kai. A nan ma birkin hannu ne magani. Ya bar shi a jaye. Ya sa giya ta ɗaya, ya ɗan taka totur, ya riƙa sakin kuloci sannu. Zai ji ƙarar inji ta sauya, motar tana son tafiya. A lokacin ne zai saki birkin hannu gaba ɗaya.

Karen mota kuwa kada ya sa hannu a ƙarƙashin taya don cire waigi sai motar ta ɗan ja gaba. Kuma ya tsaya a gefe, ba a baya ba. In dutse aka sa, a ɗauke shi daga hanya. Dutsen da aka bari a kan kwalta shi ne yake kayar da mai babur da dare.

Ciwo na farko: birki ba ya riƙewa

Alamarsa a fili take. Maƙama tana tashi sama da yawa kafin ta yi tauri, ko ba ta yin tauri sam. A motoci da yawa, birki mai lafiya yana kamawa tsakanin ƙas 5 zuwa 8. Kowace mota da nata, amma in wanda yake kamawa a 6 ya koma 12, akwai magana.

Wani lokaci kabul ne ya miƙe saboda daɗewa. Akwai noti da ake ɗaurewa, a gindin maƙama ko a ƙarƙashin mota. Wani lokaci fatun ne suka cinye. In haka ne, ɗaure noti ba ya magani, ɓoye ciwon kawai yake yi. Makanikin kirki yana cire kwano ya duba fatun tukuna, ya daidaita su, sannan ya taɓa kabul. In za a sake fatu, a sake na tayoyi biyu tare. In an sake gefe ɗaya, mota za ta riƙa karkata in an taka birki.

Wani lokaci kuma mai ne ya zubo cikin kwano, ko man birki ko man ƙafar baya. Za a ga danshi baƙi a bayan taya. Fatar da ta sha mai ta mutu. Wanke ta da fetur ko ƙona ta da wuta, kamar yadda waɗansu suke yi, ɓata lokaci ne. A gyara inda yake yoyo, a sa sabuwa.

In an buɗe kwano, kada a hura ƙurar ciki da baki. Tsofaffin fatu da waɗansu masu araha suna da wani abu da yake lalata huhu a hankali. A goge da tsumma mai danshi.

In an ja maƙama aka ji ta taho sakayau, kabul ya tsinke. Ba a ɗaure shi da waya, ba a yi masa walda. Sabo ake sawa. Kafin a samu, motar nan ba ta zuwa lodi a kan gangare.

Ciwo na biyu: birki ya ƙi saki

Wannan shi ne ciwon bakin kogi. Kogin Isa yana cika sau biyu a Yamai: da damina, wajen Agusta da Satumba, da kuma lokacin sanyi, in ruwan Gine ya iso. A farkon Satumba 2020 ruwa ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai, ya yi ambaliya, Saga tana cikin wuraren da ya ci. Amma ba sai an yi ambaliya ba. Kowace damina motoci suna ratsa kududdufi da laka a hanyoyin fadama.

Kabul yana cikin kube na roba. In robar ta tsage, ruwa da yashi su shiga, tsatsa ta kama. Direba ya saki maƙama, amma kabul bai koma ba, fatun suna nan a danne. Haka kuma in an ratsa ruwa, aka zo aka ja birki, aka bar mota kwana da kwanaki, fatun suna mannewa da kwano saboda tsatsa.

Rigakafin yana da sauƙi. Bayan an fito daga ruwa, a yi tafiya kaɗan a hankali ana taka birkin ƙafa sama-sama, zafi ya busar da fatun. In an wanke mota a bakin kogi ma haka. Motar da za ta daɗe a ajiye, a kai ta wuri mai shimfiɗa, a sa giya, a sa waigi gaba da baya, a bar birkin hannu a sake. Wannan kaɗai ne lokacin da ba a jansa. Motar da take aiki kullum kuwa a riƙa jansa kullum, ko a fili ne. Kabul ɗin da ba a motsa shi shi ne yake saurin ƙagewa.

In ya riga ya maƙale, a ja a saki, a ja a saki, sau da yawa. In bai yi ba, a ta da inji, a sa giya ta ɗaya a ɗan motsa, a sa ribas a ɗan motsa. Sau da yawa za a ji ƙara, fatun sun saki. In har yanzu bai yi ba, a cire taya a ɗan bubbuga kwano da guduma, ba da ƙarfi ba, don ƙarfen yana tsagewa. Kada a zuba mai a cikin kwano wai don ya yi laushi. Kada kuma a ja motar da ƙarfi taya tana kurzar ƙasa.

Kafin a ɗaga mota da jak, a sa waigi a tayoyin da suke ƙasa. A tuna birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake riƙewa. In an ɗaga baya, ba abin da ya riƙe gaba. Tsofaffin Land Rover sun fi haɗari a nan, don birkin hannunsu ba a taya yake ba, a bayan akwatin giya yake. In an ɗaga tayar baya ɗaya, motar tana iya gangarawa ko da an ja shi. Kuma ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita.

Jar fitila

A allon gaban direba akwai jar fitila mai alamar P ko alamar motsin rai a cikin da'ira. Tana kamawa in an ja birkin hannu, ta mutu in an saki. In an saki amma ba ta mutu ba, kada a ce wayar wuta ce kawai. A motoci da yawa wannan fitilar ce take faɗin man birki ya yi ƙasa. A tsaya a buɗe gaba a duba.

Direban da ya manta ya tafi da birki a jaye zai ji mota ta yi nauyi, zai ji ƙaurin ƙuna daga baya. Ya tsaya, ya saki, ya jira ƙarfe ya huce da kansa. Kada ya taɓa kwanon da hannu. Kada ya watsa masa ruwa, yana iya karkacewa ko ya tsage. Zafin yana iya tafasa man birki, birkin ƙafa ya yi laushi. Don haka ya gwada birkin ƙafa kafin ya koma hanya.

Ranar da birkin ƙafa ya mutu

Tun da birkin hannu ba ya aiki da mai, yana nan ko bututun mai ya fashe. Amma ƙarfinsa kaɗan ne, tayoyi biyu kawai yake kamawa. Direba ya ɗauke ƙafa daga totur, ya taka birkin ƙafa sau da yawa da sauri, ya riƙa sauko da giya ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya danna maɓallin da ke kan maƙama, ya riƙe shi a danne, ya ja sannu-sannu. In ya fizge shi gaba ɗaya, tayoyin baya su kulle, motar ta juya, mai lodi sama kuwa tana iya kifewa. In ya ji baya yana zamewa, ya ɗan sassauta, ya sāke ja. Kada ya cire makulli mota tana tafiya, sitiyari zai kulle.

Manyan motoci da sababbin motoci

Babbar mota mai birkin iska dabam take. A cikinta sifirin mai ƙarfi ne yake danne birki, iska ce take sakinsa. In iska ta zube, tayoyi su kulle da kansu. Shi ya sa direba yake zama da safe yana jiran iska ta cika. Akwai dabarar murɗe wannan sifirin don a ja motar da ta lalace. In an yi haka, motar ba ta da birkin ajiya sam, waigi ne kawai gatanta. Buɗe tukunyar sifirin kuwa aikin gwani ne, ƙarfinsa yana kashe mutum.

Tun 2001 aka fara ƙera motocin da ba su da maƙama, sai ɗan maɓalli mai alamar P. Ƙaramin injin lantarki ne yake matse birkin. Irinsu sun shigo Yamai. Wahalarsu ita ce in batir ya mutu, birki ba ya saki, kuma ba a tura motar. A fara haɗa mata batir mai rai. Fatunsu na baya ma ba a sake su da guduma da sukundireba, sai makanikin da yake da na'urar aikin.

Aikin wannan mako

Malamin cibiya ya roƙi wani direban gari ya kawo motarsa. Kowane ɗalibi ya saurari ƙas-ƙas na maƙama, ya ƙirga, ya rubuta lambar a littafinsa. A leƙa a ga inda kabul ya bi. A nuna gefen taya da ake sa waigi.

Lissafi: mota tana da kilo 1800. An ɗora mata buhu 16, kowane kilo 75. Tana tsaye a gangaren da yake sauka mita 1 a cikin mita 10. Kilo nawa ne yake janta ƙasa kafin lodi? Kilo nawa bayan lodi?